Furoksin da ke maƙalewa a ƙaramar rauta: kada ka kashe ta kafin ka duba

Malam, sannu da fama. Ka ce ka ɗora Tinyproxy, wato ƙaramar manhajar furoksi da ke shiga tsakanin burauza da intanet tana ɗauko mata shafuka, a kan ƙaramar rauta (na'urar raba intanet) mai aiki da tsarin OpenWrt, yana aiki lafiya lau na wasu awanni, sai kawai shafuka su daina buɗewa, burauza ta yi ta juyawa, har sai ka cire wuta ka mayar. Na sha irin wannan a wani ofishi da nake kula musu da intanet, mutum goma sha ne a kan rauta guda, kuma na yi kusan wata ɗaya ina zargin masu ba mu layi alhali laifin yana cikin gida.

Abu na farko, ka daina cire wutar nan. Na san da wuya, ga mutane tsaye a kanka suna jira, amma duk lokacin da ka kashe rautar ka goge shaida, domin OpenWrt a cikin RAM, wato ma'ajiyar da ke gogewa in wuta ta ɗauke, yake ajiye rahotonsa. Idan abin ya sake faruwa, ka nemi haƙurin minti biyar ka shiga rautar ta SSH, wato hanyar buga mata umarni daga kwamfutarka. In ta ƙi karɓarka, to rautar ce gaba ɗaya ta sandare. In ka shiga, ka cire furoksin daga burauzar kwamfuta ɗaya ka buɗe shafi kai tsaye. Ya buɗe? To layinka lafiya yake, furoksin ne.

A wajena ga abin da na tarar. Na buga netstat -tn | grep 8888 | wc -l, sai na ga haɗi tuli a tashar 8888, inda Tinyproxy ke karɓar haɗi, galibinsu babu komai da ke wucewa ta cikinsu. Tinyproxy yana da iyakar mutanen da zai saurara a lokaci guda, wato MaxClients, kuma 100 ne yake zuwa da shi. Sannan Timeout ɗinsa, wato lokacin jiransa, daƙiƙa 600 ne, minti goma cur yana riƙe da haɗin da ya yi shiru. Yanzu ka lissafa: burauza ɗaya takan buɗe haɗi da dama don shafi guda, kusan komai kuma HTTPS ne, wanda furoksi ke buɗe masa rami ya bar shi a buɗe. Wani ya sa wayarsa a aljihu ya fita sallar Azahar, Wi-Fi ya yanke ba sallama, furoksin bai sani ba, yana nan yana jiransa. Haka guraben ke cika ɗaya bayan ɗaya, wanda ya zo daga baya sai ya tsaya a layi. Shi ya sa wani lokaci za ka ga ya farfaɗo da kansa bayan ƴan mintuna, tsofaffin haɗin ne suka mutu suka ba da wuri.

Abin da zai fara zo maka a rai shi ne ka ƙara MaxClients. Kada ka yi gaggawa. Tsofaffin Tinyproxy, kafin sigar 1.11, kowane haɗi aikinsa daban yake tayarwa, kowanne da rabonsa na RAM, kuma idan rautarka irin mai 32MB ce, ba ta da wannan sararin. Za ka gudu daga cunkoso ne ka faɗa hannun tsarin da ke kashe manhaja idan RAM ta ƙare. Buga dmesg ka nemi layin da ke cewa Out of memory, shi ne alamar hakan ta faru. Ni Timeout na sauke zuwa 120, a nan ne maƙalewar ta ragu sosai. Kada dai ka sauke shi ƙasa ainun, domin masu WhatsApp a kwamfuta za su fara kuka yana yankewa.

Sauran matsalar kuma rahoton furoksin ne ya jawo ta. A OpenWrt, /var/log yana cikin /tmp ne, shi kuma /tmp RAM ne zalla. Na bar LogLevel, wato yawan bayanin da yake rubutawa, a Info, fayil ɗin ya yi ta kumbura kullum yana cinye ɗan abin da ya rage na RAM, har tsarin ya riƙa kashe furoksin. Duba df -h /tmp da free. Na mayar da LogLevel Warning, tun daga nan ban sake ganin an kashe furoksin ba.

Idan waɗannan duk lafiya suke, ka leƙa logread, wato rahoton rautar. In ka ga nf_conntrack: table full, mai yiwuwa wani ne ke sauke torrent, hanyar sauke fayil mai buɗe haɗi da yawa, ya cika teburin haɗi. In dnsmasq, mai nemo adireshin shafi daga sunansa (wato DNS), ne ke ƙorafin tambayoyi sun kai iyakarsa ta 150, to furoksin jiran amsar DNS yake yi, ka canza inda rautar ke tambaya. In kuma wasu shafuka kaɗai ke tsayawa a rabi kuma PPPoE (haɗin layi mai suna da kalmar sirri) kake amfani da shi, ka tabbatar MTU, wato iyakar girman kowane ƙunshin bayanai, 1492 ne kuma saitin mtu_fix yana kunne.

Gaskiya, in rautar mai ma'ajiyar 4MB da RAM 32MB ce, OpenWrt ma sun daina tallafa wa irinta tun bayan sigar 19.07, gara ka mayar da furoksin kan ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfuta. Kafin nan, da zarar ya sake maƙalewa ka turo mana abin da free da dmesg da lissafin netstat ɗin nan suka nuna, tare da sunan rautar da lambar Tinyproxy ɗinka, in Allah ya yarda za mu gano bakin zaren.