Rode NT1 ko Shure SM7B: wanne ya dace da ɗakina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mawaƙi ne a Kaduna, a ɗakin kwanana nake naɗar waƙoƙina. Makirufona BM-800 ne, saun-kad ɗina kuma, wato na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, Behringer UM2. Muryata tana fita kamar daga cikin rijiya, ga ƙarar fanka da janaretan maƙwabta duk suna shiga. Na ɗan tara kuɗi, wasu abokaina sun ce in sayi Rode NT1, wasu sun ce Shure SM7B. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa kuɗin albarka. In don ta ni ne, kada ka sayi ko ɗaya daga cikinsu yanzu, ga kuma dalilina.

Wannan amon rijiya da kake ji ba daga BM-800 kaɗai yake zuwa ba. Ɗakin ne. Bangon siminti, daɓen tayil da rufin kwano duk suna dawo da murya, sai makirufo ya kama muryarka ya kuma kama amsa-kuwwarta. NT1 makirufo ne na kirki, kondensa ne, wato nau'in makirufo mai kaifin ji, kamfanin Rode na Ostireliya ke yin sa, kuma yana cikin waɗanda suka fi ƙarancin shuuu na kansu, wajen desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 4 zuwa 5 kawai, alhali AT2020 na Audio-Technica yana da 20. To amma kaifin jinsa shi ne zai cuce ka. Abin da BM-800 yake ji sama-sama, shi tas zai ji shi: janareta, fanka, kukan akuya, har mai tallan ruwa a bakin titi. Idan ka ɗora ototun, wato manhajar daidaita muryar mawaƙi, a kan irin wannan murya, nan ma rigima ce, domin ya fi bin murya busasshiya wadda ba ta da gurɓata.

SM7B kuwa dainamik ne, wato nau'in da bai kai kondensa kaifin ji ba, ana matsowa dab da shi a yi waƙa, don haka murya take danne hayaniyar ɗaki. Ta wannan fuska abokanka ba su yi kuskure ba. Abin da ba su gaya maka ba shi ne sautin da yake fitarwa ƙanƙane ne ƙwarai, yana son saun-kad mai iya ɗaga shi kimanin desibel 60. UM2 ɗinka sai ka murɗa shi har ƙarshe, kuma a nan ne shuuu zai cika waƙar. Daga nan sai a ce ka ƙara Cloudlifter, wata 'yar na'ura da ke ƙara wajen desibel 25, ita ma da kuɗinta. SM7B ɗin kansa yana kai wa dala 400. Ka ga lissafi ya wuce inda ka tsaya.

Shawarata ita ce ka raba kuɗin gida uku. Ka sayi Shure SM58 na asali, wajen dala 100 ne. Kada ka raina shi don kana ganinsa a hannun masu wa'azi da sanƙirorin biki. Tun 1966 ake ƙera shi, ba ya buƙatar wutar 48V da kondensa ke ci, yana jure faɗuwa, ƙurar hunturu da laimar damina ba sa tayar masa da hankali kamar yadda suke yi wa kondensa. Kaso na biyu ka canza saun-kad. Focusrite Scarlett 2i2 na zubi na huɗu, wanda ya fito a 2023, yana ɗagawa har desibel 69, kenan ko nan gaba ka sayi SM7B ɗin zai ja shi ba tare da ƙarin komai ba.

Kaso na uku na ɗaki ne, kuma shi na fi so ka ba wa muhimmanci. Ka shimfiɗa kafet mai kauri. Ka rataya bargo biyu a bayanka, ka jingina katifa a kusurwa idan da hali, domin fuskar makirufo tana kallonka ne, duk abin da bangon bayanka ya dawo da shi cikinta yake faɗawa. Ƙeyar makirufon kuma ka juya ta wajen taga ko inda janareta yake, don ta nan ne ba ya ji sosai. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ka bar shi, ba ya tare ƙara, ga shi wuta na saurin kama shi. Fanka dai haƙuri za ka yi ka kashe ta na 'yan mintoci, na san zafin watan Afrilu ba wasa ba ne.

Wajen rerawa, ka bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninka da SM58. Idan ka manne masa, muryar za ta yi kauri fiye da kima. Ka ɗan kauce da bakinka gefe kaɗan, saboda iskar "b" da "f" da kaifin "ts" su wuce ta gefe.

Sai maganar jabu, wadda ita ce ta fi damuna. SM58 na cikin makirufon da aka fi kwaikwaya, kwali da tambari duk iri ɗaya. Na asali nauyinsa wajen gram 300 ne, kuma duk wanda ya sallama maka shi a rabin kuɗi, ka ajiye masa kayansa. Ka tafi shago da hedifon ɗinka, a jona maka, ka rera baiti ɗaya da ƙarfi, ɗaya a hankali, kafin ka biya.

Idan ɗakin ya gyaru, kuma kana samun damar naɗa da tsakar dare lokacin da unguwa ta yi tsit, to a lokacin NT1 zai fito maka da laushin murya da SM58 ba zai iya ba, musamman a waƙoƙin soyayya masu sanyi. Ranar da ka saye shi, ka riƙa mayar da shi jakarsa bayan kowane aiki, tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.