Akwatin malalar tankin kifina yana yoyo, in ƙara masa silikon?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin kifi na gilashi mai cin lita 300. A kusurwarsa akwai akwatin malala, wanda ruwa ke kwarara cikinsa ya bi bututu ya sauka ƙaramin tankin tacewa da ke ƙasa. Yau kwana uku ke nan ina tarar da katakon ƙarƙashin akwatin a jiƙe. Na shafa sabon silikon a kan tsohon amma bai daina ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka dakata da shafa silikon haka nan. Sabon silikon ba ya kama wanda ya riga ya bushe, balle a wuri mai laima. Zama kawai yake yi a kai, ruwa ya ci gaba da bi ta ƙarƙashinsa.

Tunda jiƙar a waje kake ganinta, zargina ya fi tafiya kan mahaɗin bututu, wato inda aka huda gilashin aka ɗaure da noti. Ka goge wurin ya bushe sarai, ka naɗa tishu a jikin notin, ka naɗa wani a gaɓar bututun da ke ƙasa da shi. Ka zauna da tocila kana kallo. Wanda ya fara jiƙa shi ne mai laifi. Ka fara dubawa daga sama, domin ruwa yakan gangaro ya taru ya ɗiga nesa da inda ya fito.

Idan mahaɗin ne, gyaran bai da wuya. Kashe famfon da ke mayar da ruwa daga tankin ƙasa zuwa babban tankin, rage ruwan tankin har ya sauka ƙasa da haƙoran akwatin, wato tsagogin bakinsa da ruwa ke bi ya shiga, sannan ka zuƙe na cikin akwatin da tiyo. Kwance notin ka ciro woshar roba. Sau da yawa za ka tarar ƙwayar yashi guda ɗaya ce ta maƙale a ƙarƙashinta, ko robar ta tsufa ta tsage, ko kuma tun farko an sa ta a gefen da ba nata ba. Wurin zaman woshar shi ne tsakanin gilashi da faffaɗan kan mahaɗin. Idan aka sa ta a gefen notin, ruwa zai bi zaren da notin ke murɗawa a kai ya fito, ita kuma ta murɗe yayin ɗaurewa. Ka wanke gilashin, ka sa sabuwar wosha a bushe, ba silikon ba man shafawa, domin santsi yana sa ta zame ta ɓullo gefe. Ka ɗaure da hannu, in ya so ka ƙara rubu'in zagaye. Don Allah kada ka sa ƙarfi da sifana. Nan ne mutane ke fasa notin, wani lokaci har da gindin tankin, kuma wannan asarar ba ta gyaruwa da wosha.

Akwai kuma yoyon da ido ba ya gani, wanda ya fi tayar mini da hankali, wato na silikon da ya manne akwatin da bangon tankin. Wannan ruwan cikin akwatin yake shiga, don haka ƙasa ba ta jiƙa sai ranar da wuta ta ɗauke. Famfo ya tsaya, ruwan babban tankin ya ci gaba da tsiyaya, tankin ƙasa ya cika ya tumbatsa. Tunda ka riga ka zuƙe akwatin, ka gwada: goge cikinsa ya bushe, ka bar shi awa ɗaya da ruwan tankin kewaye da shi. Idan ka ga ruwa ya taru, mannin ya saki.

A nan sai haƙuri. Ka mayar da kifin wani mazubi da ruwansu na da, da abin ba su iska. Ka kwashe ruwan, ka kankare tsohon silikon da sabuwar reza har yatsanka ya daina jin santsinsa, amma kada rezar ta taɓa silikon da ya haɗa gilasan tankin kansu. Goge da sifirit, bari ya bushe. Liƙa salatif a gefe biyu, ka matsa silikon layi ɗaya ba yankewa, ka bi da yatsa sau ɗaya, ka cire salatif ɗin tun yana ɗanye.

Silikon ɗin ya zama tsantsa, wanda aka rubuta ya dace da tankin kifi. Na banɗaki da kicin yawanci yana ɗauke da maganin hana fumfuna, kuma guba ne ga kifi. Kauri milimita 3 yana ɗaukar kamar awa 24 kafin ya bushe. Ni nakan ce a ba shi aƙalla awa 48, idan an zuba da kauri a bar shi mako guda, har warin tsamin ya gushe.

Idan akwatin na roba ne mai kama da gilashi, wato akirilik, silikon ba ya riƙe shi da ƙarfi, toshe kafa kawai yake yi. Ka ɗan goge bakin robar da samfefa, ka zuba silikon ciki da waje don ya rungume ta. Bayan ya bushe ka cika tankin da ruwa zalla, ka kashe famfon, ka sa alama a matakin ruwan, ka duba da safe kafin ka mayar da kifinka.