Amsa kan kifin beta, muryar da aka saka a gurup

(An rubuta ta saboda waɗanda ba su samu sauraro ba.)

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanena, na ga muryarka tun da hantsi, ina cikin kasuwa ne, hayaniya ta hana ni amsawa. Ka ce ka ga kifin nan ja mai wutsiya kamar gyale a TikTok, beta, kana so ka sayo ma yara guda biyu ka zuba su cikin kwalbar bama. To don Allah dakata, kar ka sayi kifin tukuna.

Biyun nan ma da kake faɗi, in maza ne, dambe ka haɗa. Asalinsa kifin ƙasar Tailan ne, na ruwan gonakin shinkafa da kududdufai, kuma mutanen can sun daɗe suna kiwonsa don a haɗa su faɗa. A 2019 ma sun ayyana shi kifin ƙasa. Namiji ba ya ƙaunar ganin ɗan'uwansa. Ko madubi ka kara masa, sai ka ga ya buɗe kumatu ya baje jiki zai far wa hotonsa. Guda ɗaya ya ishe ka.

Kwalba kuwa, na san inda ka samo ta, ka ga masu sayarwa sun jera su a kofuna. Abin da ya sa ba su mutuwa nan take, Allah ya ba shi wata halitta cikin kai da yake shaƙar iska daga saman ruwa, za ka riƙa ganin ya taso ya ɗan kurɓa ya koma. Amma wanda bai mutu ba daban, mai lahiya daban. Ka samo akwatin gilas mai cin lita 20 aƙalla, wato kusan bidon nan na lita 25 da muke ɗebo ruwa. Mai faɗi ya fi mai zurfi, tunda hawa sama yake yi shan iska.

Kuma mu nan Maraɗi muna da dalilinmu na daban. Kifin nan zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 28 yake so. Ka tuna watan Afrilu da Mayu, rana ta haura 40, ga rufin kwano. Ruwan kwalba kafin azahar ya koma shayi. Ruwa mai yawa shi ke jinkirin ɗaukar zafi. Ka aje shi a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, in an matsu ka juya fanka ta riƙa bugun saman ruwan. Kar ka jefa ƙanƙara ciki, sauyin farat ɗaya ya fi zafin illa. Sai kuma hunturu, Disamba da Janairu, da dare ruwa ya yi sanyi, ka tashi ka tarar ya lafe a ƙasa ya ƙi abinci. Nan kana buƙatar ɗan hita mai wat 25 ko 50. In an ɗauke wuta, lulluɓe akwatin da bargo. Ni dai ma'aunin zafi shi ne abin da zan fara saye, ba shi da tsada.

To ga babbar maganar, ka saurara da kyau. Ruwan za ka fara raino kafin kifin. Ruwan pampo akwai kulorin ciki, dangin jabel ne, mu ba ya yi mana komai amma shi yana ƙona masa wurin numfashi. Akwai maganin ɗigawa da ake sayarwa don kashe shi. In ba ka samu ba, ka tari ruwa a bokiti buɗe ya kwana ya wuni. Sannan kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce, kuma ido ba ya ganinta, ruwa garau amma kifi na cutuwa. Masu cinye ta wasu ƙwayoyin halitta ne masu amfani da ke zama cikin soson tace ruwa da tsakuwa, kuma ba su taruwa rana ɗaya, sati 4 zuwa 6 suke ɗauka. Saboda haka ka cika akwati, ka kunna matatar ruwa mai soson, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan bayan kwana biyu-biyu, babu kifi ciki. Ruwan zai yi fari-fari kamar an ɗiga nono, kar ka zubar, zai washe da kansa. In ka san mai tsohon akwati, roƙi ɗan guntun sosonsa ka sa cikin naka, ya rage maka jira. Yara za su dame ka, Baba ina kifin, Baba ina kifin. Ka daure.

Matatar ta zama ta soso, mai kumfa a hankali. Mai ƙarfi tana wujijjiga shi, wutsiyar nan nauyi gare ta. Duk sati ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka mayar da wanda ya kwana. Ka gaya ma uwargida tun yanzu, ba a wanke shi da omo ko sabulu, ba a juye shi duka. Soson ma cikin tsohon ruwan da ka kwasa za ka matse shi.

Murfi! Kar ka manta murfi. Nawa na farko, shuɗi ne, wata uku ina lallaɓa shi. Na dawo daga sallar asuba na duba babu kifi. Bayan teburin talabijin na same shi, ya bushe kamar ƙuli, tururuwa sun yanyame shi. Tsalle yake yi. Ka rufe, amma ka bar tazara tsakanin ruwa da murfi don iska.

Abinci, ƙwaya biyu ko uku safe da yamma, na beta, domin mai cin nama ne. Ba burodi, ba tuwo, ba dusa. Da damina in ka ga tsutsar sauro a wani mazubi, tsamo masa, yana sonta ƙwarai, amma kar ka aje ruwa da gangan kana kiwon sauro, ka jawo ma gida zazzaɓi. Kuma ka ɓoye gwangwanin abincin, yara kowa so yake ya ga ya ba shi da hannunsa, yawan ci ke kumbura musu ciki.

Furen roba na ado da ake sawa cikin akwatin, in yana da kaifi yana yaga wutsiya, ka goga shi a gyale, in ya kama zare ka bar shi. In wata rana ka ga kumfa ta taru a lungu ɗaya a saman ruwa, ba datti ba ne, sheƙa ce namijin ya yi.

Ranar saye ka zaɓi mai kuzari, wanda bai tsuke jiki ba, babu ɗigo-ɗigon fari kamar gishiri a jikinsa. In ka iso gida ka sa ledar ta yi iyo kan ruwan minti 20 kafin ka sake shi. Da kulawa yakan yi shekara 2 zuwa 4.

Ga shi an kira magariba. Turo mini hoton inda kake son aje akwatin in gani, in yana kusa da taga mu sake wuri. Sai an jima.