Tambaya da Amsa: Wane IC zan sa a amfilifayar islamiyya?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina koyon gyaran rediyo ne, ina so in haɗa wa islamiyyar unguwarmu amfilifaya da batirin sola 12V. Na sayi ɗan bod mai PAM8403, ina jonawa ya yi hayaƙi. Yanzu an ce in sayi TPA3116 wai wat 50 yake ba kowace ɗaya daga sifika biyu. Ya zan yi? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. PAM8403 ɗin, wato IC (ɗan guntun da ke kan bod mai ƙara ƙarfin sauti), ba jabu ba ne, wuta ce ta yi masa yawa. 5V aka yi shi ya ci, iyakarsa 5.5V, irin na cajar waya ko fawa bank, kuma wat 3 kacal yake ba kowace sifika, to ko bai ƙone ba ba zai cika aji mai yara da yawa suna karatu ba.

Kullum abin da nake gaya wa masu koyo shi ne ka fara duba wutar da kake da ita da sifikar da ke hannunka, sannan ka je neman IC, kada lambar da aka rubuta a kwali ta ja ka. TPA3116 yana da kyau sosai, yana aiki daga 4.5V har 26V, amma wat 50 ɗin nan sai ka ba shi wajen 21V da sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta), a kan batirinka na 12V abin da za ka samu bai wuce wat 15 zuwa 18 ba, in kuma sifikar hon ce mai om 8 sai ya koma kusan rabi. Duk da haka ni shi zan ce ka ɗauka, saboda kilas D ne, ba ya ɓarnar wuta ta zama zafi, batir zai daɗe maka kuma wannan shi ne damuwar mai sola.

In kuɗi bai kai ba akwai TDA7297, shi ma yana tafiya lafiya da 12V, sai dai yana zafi, dole ka ɗaura masa ƙarfen sanyaya babba ka shafa man nan fari mai kai zafi ga ƙarfen a tsakani. TDA2030 da aka saba gani a tsofaffin sifikun kwamfuta ka bar shi, ya fi son taransifoma, a 12V ƙararsa kaɗan ce.

Abin da ke kashe PAM8403 da TPA3116 da TDA7297, kada ka taɓa haɗa baƙar wayar sifika da negetif ɗin batir, kuma kada ka haɗa baƙaƙen wayoyin sifika biyu waje ɗaya, kowacce ta tafi ramin ta. Ka sa fiyus a wayar batir. Sannan makirfo ba zai tuƙa bod ɗin kai tsaye ba, muryarsa ta yi ƙasa, sai ka sa ɗan firi-amf, wato ƙaramar amfilifaya mai ɗaga muryar makirfo, tsakaninsa da bod ɗin, ka tambayi masu kayan gyara a kasuwa wanda ke cin 12V.