Tambaya da Amsa kan Mota: Birkin Tirelar da Ake Ja da A-kori-kura

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kolombus, jihar Ohayo ta Amurka. Sana'ata sayen motoci a gwanjo, ina kai su tashar jiragen ruwa ta Baltimo don a tura gida. Na sayi tirela mai aksil biyu da ke ɗaukar mota ɗaya, nauyinta da kaya fam 7,000, kuma tana da birkin lantarki. Da Ford F-150 ta 2012 nake jan ta, amma motar ba ta zo da na'urar sarrafa birkin tirela ba. A shago an nuna mini iri biyu, mai araha da mai tsada. Wacce zan saya? Zan iya ɗaurawa da kaina?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya yi wa nema albarka. Kafin komai, don Allah kada ka sake ɗora mota a kan tirelar nan sai ka sa na'urar. Fam 7,000 ya haura kilo 3,100, ya fi nauyin motar da ke jan shi. Yanzu haka birkin tirelarka ba ya aiki ko kaɗan, domin babu abin da ke tura masa wuta. Birkin Ford ɗinka kaɗai ke tsayar da ku duka biyun. Hanyarka kuwa, in ka bi babban titi mai lamba 68, tana ratsa tsaunukan yammacin Merilan, inda gangara ke da tsawo, birki ya yi zafi ya daina kamawa. Ga kuma doka: jihohi da yawa a Amurka sun wajabta birki ga tirelar da ta kai fam 3,000, wasu ma ƙasa da haka.

Ga yadda abin yake aiki. A cikin gangar kowace tayar tirela akwai maganaɗisun lantarki. In wuta ta shige shi sai ya manne wa gangar da ke juyawa, ya ja wani ƙarfe da ke buɗe takalman birkin su matse gangar. Yawan wutar, yawan kamun. Aikin na'urar da kake son saye shi ne ta yanke shawarar yawan wutar da za ta tura, daga sifili har bolt 12.

Mai arahar nan da lokaci take aiki. Da ka taka birki sai ta fara tura wuta tana ƙarawa a hankali har ta kai iyakar da ka saita mata, ba ruwanta da ko a hankali ka taka ko yaro ne ya faɗo maka titi. A cunkoso za ka ji tirela tana fizgarka baya, a tsayawar gaggawa kuma ta makara. Mai tsadar tana da abin da ke jin yadda motar ke rage gudu, sai ta kama birkin tirela daidai da haka. Wannan nake so ka saya, kuma ba na jin kunyar matsa maka a kai. Mai jan ƙaramar tirela sau biyu a shekara zai iya lallaɓawa da mai araha. Kai da tsauni ke gabanka kowane mako, bambancin kuɗin bai kai na taya ɗaya ba. Cikin masu tsadar da aka sani akwai Tekonsha Prodigy P3, da Redarc Tow-Pro na Ostireliya wanda akwatinsa ke ɓoye a bayan dashbod, maɓalli kawai ake gani. Akwai kuma Curt Echo da ake cusawa a soket ɗin baya a sarrafa shi da wayar hannu. Ba na sonsa ga mai aikin kullum, domin ranar da kake buƙatar kama birkin tirela da hannu cikin daƙiƙa ɗaya, ba ranar lalube a fuskar waya ba ce.

Batun ɗaurawa, ka fara leƙa bayan motar. In soket ɗin mai baki huɗu ne, na fitilu ne kawai, babu wayar birki a ciki; mai baki bakwai kake buƙata. In mai bakwai ne tun daga kamfani, ka yi sa'a, don galibi akwai wani soket da Ford ta bari a bayan dashbod yana jiran na'urar. Sai ka sayi wayar haɗi da aka yi don motarka, ka cusa nan ka cusa can, aikin ya ƙare ba tare da ka yanke ko waya ɗaya ba. Za ka iya sayen ta Ford ɗin kanta ma, wadda ke zama a raminta na dashbod, sai dai ita sai an kunna ta da kwamfuta kafin ta fara aiki.

In babu wannan soket, wayoyi huɗu ne. Baƙa tana zuwa fozitif na batir. Fara tana zuwa nagetif na batir. Ja tana zuwa makunnin fitilar birki da ke saman abin takawa, a ɓangaren da wuta ke shiga sai an taka kawai. Shuɗiya ita ce ke tafiya har baya zuwa birkin tirela. A nan nake so ka tsaya ka karanta da kyau, don a nan ake ɓarna. A wayoyin tirela fara ce nagetif, baƙa ce mai wuta. Wanda ya saba ganin baƙa a matsayin nagetif, in ya juya su, na'urar ta ƙone nan take. Farar kuma a kai ta har kan batir. Kada a ɗaure ta a wani ƙarfen dashbod don yana kusa, domin raunin nagetif shi ke sa birki ya kama yau ya ƙi gobe. A kan baƙar waya, kusa da batir, a sa abin katse wuta mai mayar da kansa, na amfiya 20 ga tirela mai birki huɗu irin taka. Ba a sa fis na yau da kullum, don in ya tsinke a tsakiyar gangara shi ke nan, babu birki har sai ka tsaya ka canza. Kowane maganaɗisu yana jan kusan amfiya 3, huɗu sun kai 12, saboda haka shuɗiyar waya ta zama mai kauri, lamba 12 ko 10. Siririyar waya tana shanye wutar kafin ta isa baya.

Za ka iya da kanka in mai cusawa ce. In ta kai ga yankan waya, kai wa mai gyaran wutar mota.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Kaduna nake. Ina da Toyota Tundra da ta zo da maɓallin birkin tirela a dashbod. Na sa maƙera sun haɗa mini tirelar ɗaukar dawaki biyu don zuwa wasan folo a Kano da Katsina. Na haɗa ta, ina matsa maɓallin, ba na jin komai. Na'urar ce ta lalace?

Amsa: Alhaji, na fi zaton na'urarka lafiya lau take. Tirelar da ake haɗawa a wurin masu walda a nan gida, yawanci da aksil ɗin tsohuwar mota ake yin ta, babu maganaɗisu a ciki, babu wayar birki. Na'urar tana tura wuta inda babu mai karɓa. Ka sa a leƙa bayan tayoyin: in ba a ga wayoyi biyu suna shiga kowace ganga ba, babu birkin lantarki. Kada kuma a ruɗe ka da manyan tireloli irin su DAF da MAN. Birkinsu na iska ne, tsarin daban ne gaba ɗaya.

Mafita biyu ce. Ko ka yi odar aksil mai birkin lantarki a canza, wanda shi ne zai yi aiki da maɓallin Tundra ɗinka, ko ka nemi tirelar dawaki irin ta Turai wadda birkinta ke kamawa da kansa idan ta turo motar daga baya. Ita ba ta buƙatar na'ura. A Turai duk tirelar da ta haura kilo 750 sai da birki, kuma dawaki biyu kawai, ba a ma sa nauyin tirelar ba, sun kai nan ko sun wuce. Doki kaya ne mai motsi, yana tsaye a kan ƙafafunsa, duk fizgar da ka yi a jikinsa take ƙarewa. In ka zaɓi na lantarki, a haɗa maka da ƙaramin batir da makunnin da ke kama birki in tirelar ta ɓalle daga motar. Igiyar makunnin a jikin motar ake ɗaure ta, ba a jikin sarƙar da ke haɗa tirelar da motar ba.

Tambaya: Malam, na sa na'urar, amma in tirela ba kaya sai tayoyinta su riƙa ƙara suna jan ƙasa. In na loda ta kuma sai in ji kamar ba birki. Wani lokaci a kan gudu tana lilo hagu da dama. Mai karatunku ne daga Kalgari, Kanada.

Amsa: Ɗan'uwa, saiti ne, kuma ba a yin sa sau ɗaya a manta. Nemi titi busasshe, shimfiɗaɗɗe, marar mutane. Ka ɗan yi tafiya kana taka birki don gangunan su ɗumama. Sa lambar ƙarfin birki ta na'urar a tsakiya, ka kai gudun kilomita 40 a awa, sannan ka matse abin kama birkin tirela da hannu da ke jikin na'urar har ƙarshe ba tare da ka taka birkin mota ba. In tayoyin sun kulle, rage lambar. In ba ka ji tirela ta ja ka sosai ba, ƙara. Inda kake nema shi ne dab da kullewa. Ka maimaita duk lokacin da nauyin ya canza, kuma a ƙanƙarar Kalgari ka rage ƙasa da na rani, don tayar da ta kulle a kan santsi gefe take zamewa.

Lilon nan kuwa ya fi damuna. Yawanci daga lodi yake: kaya sun yi yawa a baya. Ya kamata kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan mahaɗinta da mota, don haka ka matso da masu nauyi gaban aksil. In lilon ya same ka a hanya, ɗauke ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka taka birkin mota da ƙarfi, ka matse abin hannun a hankali. Birkin tirela kaɗai zai kama, ya ja ta ta dawo layi. Shi ya sa nake cewa a ɗaura na'urar inda hannu zai same ta ba sai an duba ba. Da ta lafa, ka sauka gefen titi ka gyara lodin kafin ka ci gaba.