Filin Masu Sana'a: In Tura Ta Kai Bango

Wasiƙun wannan watan daga Kebbi da Zamfara suka zo, kuma kukansu ɗaya ne: kwastoma mai fitina, da ɗan abin da mai sana'a kan so ya yi masa a ɓoye don ya huce. Mun kai kowace tambaya wurin waɗanda suka daɗe a sana'ar, ga amsoshinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a Gusau. Akwai wani Alhaji da ba ya kawo shaddarsa sai Sallah ta matso, ya ce yadi biyar ce alhali ba ta kai ba. In an gama ya ce an cinye masa yadi, aikin wuyan kuma bai yi kama da na hoto ba, ya zaftare kuɗin ɗinki. Bana yarona ya gaji, ya ɗinke bakin aljihunan kaftanin ban sani ba. Safiyar Sallah Alhaji ya zura hannu zai saka kuɗin barka da Sallah, hannu ya ƙi shiga, haka ya tafi idi rungume da waya da makulli da kuɗi. Duk layinmu an sha dariya. Yanzu yaron na cewa baɗi hammata zai matse masa, ko ya saki ɗinkin wando. In hukunta shi, ko in ƙyale tunda wanga bawan Allah shi ya jawo?
Daga wani tela, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, maigida. Ka ja wa yaron kunne, kuma kada ya ga haƙoranka lokacin da kake yi masa faɗan. A filin idi ba wanda zai tambayi sunan yaron shago. "Wane tela ya yi maka?" za a ce, sunanka kuma za a ambata.

Aljihu da sauƙi, reza ce da minti biyar. Sauran biyun da yake shiryawa su ne masu hatsari. Shadda mai sheƙi ba ta ɓoye sawun allura: in aka matse hammata aka dawo aka farke, layin hujin yana nan ko an goge, in kuma tun a yanka aka rage, ba gyara sai sabon yadi daga aljihunka. Ɗinkin bayan wando shi ke ɗaukar nauyin mutum in ya zauna ko ya yi sujada, shi ya sa ake bin sa sau biyu da gajeren taku. A sake shi ya yage a sahu, ka tona asirin babban mutum a bainar jama'a, wannan ya wuce wasa.

Maganin Alhaji yana kan teburin yanka, tun kafin ya bar shagon. Ka warware shaddar a gabansa ka sa tef. Yadi ɗaya inci 36 ne, yadi biyar inci 180. Ka auna faɗin ma, domin yadi biyar mai ƙarancin faɗi ba ya yin aikin da mai faɗi zai yi. Abin da tef ya nuna ka faɗa da ƙarfi, ka rubuta a littafin awo, ka yanki ɗan ƙyalle ka maƙala a shafinsa. Matsakaicin mutum yadi huɗu kan ishe shi kaftani da wando, dogo ko mai jiki sai biyar, babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa takwas zuwa goma. In yadin ya gaza, shi zai zaɓi inda za a rage: ko a haɗa saman wandon da wani ƙyalle tunda kaftani zai rufe, ko a rage tsawo, ko ya ƙaro. Abin da ya zaɓa a rubuta.

Aikin wuya shi ne inda aka fi samun saɓani. Ka ce ya turo maka hoton ta WhatsApp don ya zama akwai shaida a wayarka, ka kuma gaya masa gaskiya ko aikin kwamfuta ne a hoton, ko na keken aiki, ko surfanin hannu, domin kowanne da kamanninsa da kuɗinsa. Zaren ma ya zaɓa da hannunsa, a ɗora a kan shaddar a hasken rana. Ranar karɓa ka haɗa masa duk ragowar ƙyallayen a leda, komai ƙanƙantarsu. Wanda aka miƙa wa ragowarsa ba shi da bakin cewa an cinye masa yadi.

Kuɗi kuma: rabi kafin almakashi ya taɓa yadi, ciko kafin kaya su fita ƙofa. Ka sa ranar rufe karɓar ɗinki, misali tsakiyar azumi, ka rubuta a ƙofa. Wanda ya zo bayanta ko ya biya kuɗin gaggawa ko ka ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, bana aiki ya yi mini yawa." Kana da wannan damar, kuma ba ta ɓata maka suna. Aljihunan kuwa, ka tura yaron da kansa ya ba da haƙuri ya karɓo kaftanin a gyara kyauta.

TAMBAYA: Ina sana'ar POS kusa da kasuwar Jega. Wani ɗan kasuwa kullum sai ya tsallake layi, ya yi ta jan ciniki kan caji, ya ƙirga kuɗi ya sake ƙirgawa, ya tafi ya dawo ya ce dubu ɗaya ba ta cika ba. Ranar da aka cire masa kuɗi na'ura ta ƙi biya, tara mini jama'a ya yi. An ba ni shawarar in tara 'yan hamsin-hamsin, in ya zo cire dubu ashirin in zube masa su. Ai kuɗinsa ne cif, mi ne laifi?
Daga mai POS, Jega.

AMSA: Ɗan'uwa, ba ka tauye masa ko sisi ba, gaskiya ne, amma yi lissafin. Naira 20,000 a 'yan hamsin takarda 400 ce, bandir huɗu. Mutumin da ke maimaita ƙirgar takarda ashirin, a kan teburinka zai baje ɗari huɗun. 'Yan hamsin na leda ne, suna manne wa juna, ƙirga ba za ta zo daidai ba, gardamar da kake gudu ta ninka, layin da ke bayansa ya watse zuwa rumfar gaba. Ga shi canji kaya ne mai daraja, masu shayi da 'yan kabu-kabu na neman sa kullum, da shi kake riƙe su.

Ka tuna tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da caji ya yi tashin gwauron zabi, mutane da yawa ke kallon mai POS da zargi. Abin da ke kashe zargi shi ne komai ya zama a fili. Ka rubuta caji a allo da manyan baƙaƙe, daga nawa zuwa nawa, ba ragi ga kowa. Ka ƙirga da ƙarfi a kan idonsa, goma-goma, ka miƙa, ya ƙirga a tsaye a wurin, ka tambaye shi, "Sun cika, Alhaji?" har ya amsa mutane na ji. Ka riƙe littafi: lokaci, adadi, da lambobi huɗu na ƙarshen kati. Lambar sirri kuwa kada ka karɓa ko ya miƙo, shi zai danna.

In an cire masa amma na'ura ta ƙi, kada ka biya, domin kuɗin ba su shigo maka ba. Ka nuna masa jerin cinikin da ke cikin na'urarka, ka ba shi takardar da ta fito. A jikinta akwai lamba mai alƙaluma 12 da ake kira RRN, da ita zai je bankin da ya ba shi katin, ba naka ba. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware irin wannan matsala ta POS cikin awa 72. Ka ɗauki hoton takardar ka ce shi ma ya ɗauka, saboda rubutunta na gogewa in ta sha zafi a aljihu. Tiransifa kuma, hoton fuskar wayarsa ko alat na saƙo ba hujja ba ne, sai ka ga kuɗi a manhajarka. In ya dage an cire masa, rasit ɗin bankinsa na ɗauke da lambar turawa mai alƙaluma 30, da ita ake bin sawu.

TAMBAYA: Ina da ƙaramin injin casar shinkafa a Argungu. Wata Hajiya mai gumi kan auno shanshera kwano goma, in ta ga abin da ya fito sai ta ce mun sace rabi. Har cikin injin take leƙawa, ta laluba aljihun yarona. Yaron ya ce a bar shi ya matse mata wuƙar cikin injin, shinkafar ta fito a farfashe, sai dai tuwo. Raina ya fara karkata ga maganarsa.
Daga mai injin casa, Argungu.

AMSA: Malam, kada ka yarda. Hajiya ba sharri take ƙulla maka ba, kwano ne ke ruɗin ta, kuma wannan yana da bayani.

A nauyi, ɓuntu kusan kashi 20 cikin 100 ne na shanshera, dusa kuma kashi 8 zuwa 10. Saboda haka kilo 100 na shanshera mai kyau kan ba da kilo 60 zuwa 68 na tsaba, ƙaramin injin ƙarfe ma yakan yi ƙasa da haka. To amma ita da kwano take awo, ɓuntu kuwa ba nauyi sai cin wuri. Kwanon shanshera bai kai kwanon tsaba nauyi ba, shi ya sa kwano goma kan koma wajen biyar. Rabin da take nema yana cikin tarin da ke bayan injinka. Ka sayi sikeli, ka auna buhunta kafin a zuba, ka auna tsabar, ka auna ɓuntu da dusar da suka fito a gabanta, ta haɗa lissafin da kanta. In an gama ka buɗe murfin a kakkaɓe abin da ya maƙale a ciki a ba ta, tunda nan take leƙawa.

Matse wuƙa da rufe ƙofar fita na ƙara matsi a cikin injin. Tsaba ta yi zafi ta karye, rariya ta cinye ko ta fashe, bel ya wahala, man dizal ya tafi. Kenan da kuɗinka za ka yi ramuwar. Sannan wannan shinkafar jarinta ce, ƙila ma bashi ta ci ta sayo, lalata ta da gangan cin amana ne, kuma a kasuwa duk mai gumin da ta ga kayan sai ta tambayi injin wa aka kai.

Akwai ma abin da ya kamata ka riga ta faɗa, domin wataran shinkafar za ta karye ba da hannunka ba. Casa ta fi kyau in damshin shanshera ya sauka wajen kashi 14 cikin 100. In bai sauka ba tsaba na dagargajewa ta toshe rariya. In kuma an bar ta ta ƙone a rana a kan kwalta, ko raɓa ta sake jiƙa ta bayan ta bushe, ƙwayar na tsagewa tun cikin ɓawonta, injin ya ƙarasa ta. Doguwar ƙwaya irin Faro 44 ta fi saurin nuna wannan. Kafin ka zuba, ka ɗebi 'yan ƙwayoyi ka ɓare ka ciza: busasshiya za ta yi ƙas, mai damshi za ta lotsa. Ka casa kwano ɗaya na gwaji ka nuna mata a tafin hannu, in ta amince a ci gaba, in ba ta amince ba ta mayar ta sha iska a inuwa. Tsakuwa da ƙusa ma a tsince a gabanta, tunda su ma ta auno su a cikin kwano goman.

TAMBAYA: Mai shayi ne ni a Ƙauran Namoda. Wani kwastoma zai sha rabin kofi ya ce sukari bai ji ba, in ƙara. In na ƙara ya ce ya yi zaƙi, a ƙara ruwan shayi. Sai ya ce ya tsinke, a ɗiga madara. Kofi biyu yake sha da kuɗin ɗaya. Ina so wataran in zuba masa gishiri a madadin sukari.
Daga mai shayi, Ƙauran Namoda.

AMSA: Gishirin nan ka bar shi wurin ƙwai. Abin da mutum zai kai cikinsa ba a wasa da shi: ba ka san ko yana da hawan jini ba, kuma ranar da aka ji mai shayi ya zuba wa wani abu da gangan, bencinka ya tashi.

Tun kafin ka haɗa ka tambaye shi, "Malam, sukari cokali nawa?" ka zuba yana kallo. In ka miƙa ka ce ya kurɓa yanzu, gyara a kurɓar farko kyauta ne, bayan ta duk ƙari da kuɗinsa. Madara ka koma ba shi ta ƙaramar leda, ya yaga da hannunsa, kowace leda da farashinta. Ƙarin ruwan shayi ka sa masa kuɗin rabin kofi, ka rubuta a kwali ka jingina da gwangwanayen, kuma ka fara karɓa daga abokanka na kusa, don kada ya ce shi kaɗai aka ware.