Amsoshin Takardunku: Kayen maki ɗaya a besbol, da kafa sofbol a unguwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Kanada ne ya koya mini kallon besbol, har na zama ɗan gani-kashe-nin Toronto Blue Jays. Wasan ƙarshe na World Series ta 2025, wato karon ƙarshe na ɗaukar kofin besbol na Amurka da Kanada, na kalle shi a waya tun ƙarfe ɗayan dare har aka kira asuba. Saura mutum biyu mu fitar mu ɗau kofi, Los Angeles Dodgers suka farke, suka cinye mu 5 da 4. Har yau abin yana cina. Laifin mai jifan da aka sa a zagaye na 9 ne, ko na wanda ya makara wajen shiga gida? Daga mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, sannu da haƙuri. Saboda waɗanda ba su saba da wasan ba: zagaye 9 ake yi, in an yi canjaras a ƙara, kowane ɓangare yana duka har sai an fitar masa da mutum uku, maki kuma yana samuwa ne in ɗan wasa ya bi tashoshi uku ya dawo gida.

Mu fara da mai jifan, Jeff Hoffman. Wanda ya doke shi, Miguel Rojas, shi ne na tara a jerin masu duka, wato gurbin da ake ba wanda ba a sa ran wani abin kirki daga gorarsa. Lissafi ya kai maƙura: jifa ɗaya in ta kauce Rojas ya tafi tashar farko a ɓagas, dole Hoffman ya kawo ƙwallon kusa. Ya yi jifa mai lanƙwasa, ba ta karye yadda ya so ba, Rojas ya doke ta ta tsallake katangar fili, wanda ke ba da maki nan take. Kuskure ne, amma irin wanda kowane mai jifa ke yi sau da yawa a wasa ɗaya ba a kama shi ba.

Maganar gudun Isiah Kiner-Falefa na Toronto, wanda aka fitar a bakin gida a zagaye na 9, ta fi daɗin tattaunawa. Tashoshi uku a cike suke, an fitar da mutum ɗaya, shi yana ta uku. In tashoshi sun cika aka buga ƙwallo a ƙasa, tilas kowa ya ruga, mai tsaron gida kuma ba ya buƙatar taɓa mai gudu. Ya cafe ƙwallon ƙafarsa na kan farantin gida, shi ke nan. Mita 27.4 ce tsakanin tasha da tasha, don haka taku ɗayan da mai gudu ya sata kafin duka yana da daraja. Kiner-Falefa bai yi nisa da tasharsa ba, kuma da dalili: in aka buga ƙwallon kai tsaye hannun mai tsaron tasha ta uku, za a fitar da mai dukan, a taka tashar a fitar da shi ma, zagaye ya mutu. Ya zaɓi kauce wa wannan, ya faɗa wa wancan. Mu a ganinmu inda ya fi asara shi ne sulalewar da ya yi a ƙasa daf da gida. Ana sulalewa ne don a kauce wa taɓawa. Inda ba za a taɓa ka ba, wucewa a guje ta fi sauri. Sai da aka duba bidiyo kafin a tabbatar ya fita.

To amma ba a nan kaɗai kofin ya suɓuce ba. Toronto ta yi gaba da 3 da nema tun zagaye na 3 da dukan Bo Bichette, daga nan har zagaye na 11 maki ɗaya tak ta ƙara, alhali sau da yawa tana da mutane a kan tashoshi. A ƙarshe ma Vladimir Guerrero Jr. yana tasha ta uku aka fitar da biyu a duka ɗaya, wasa ya tashi. Su kuwa Dodgers makinsu uku na ƙarshe duk tsallake katanga ne ba kowa a tasha: Max Muncy, Rojas, Will Smith.

In ka haɗa wasanni 7 ɗin, Toronto ta ci maki 34, Dodgers 26. A kakar mai wasa 162 kuma Toronto ta yi nasara sau 94, Dodgers 93. Wasan da aka rabu da maki ɗaya sa'a ta fi yawa a cikinsa, bai isa ya nuna wace ƙungiya ta fi ba. Wannan ba zai dawo da kofin da kuke nema tun 1993 ba, mun sani, sai dai ka sauke wa mutanen nan biyu kayan da ba nasu kaɗai ba ne.

Tambaya: Mu matasa ne a Marwa, an ba mu kyautar ƙwallayen sofbol da safar hannu guda shida. Muna da filin ƙwallon ƙafa na makaranta. Yaya za mu fara?

Amsa: Madalla. Ku fara da sofbol mai jifa a hankali, shi ake yi don nishaɗi: mutum 10 kowane ɓangare, zagaye 7, jifa ta ƙarƙashin hannu, ƙwallon ta yi sama kamar mita 2 zuwa 3 ta sauko. Ba satar tasha, mai gudu ba ya barin wurinsa sai an doki ƙwallo.

Awon fili shi ne inda aka fi ɓatawa, domin ido yana ruɗi. Ku kafa turke inda gida zai kasance, ku auna mita 25.9 a miƙe ku kafa na biyu, nan ce tasha ta biyu. Sai ku samo igiya mai mita 36.6, ku ƙulla tsakiyarta, ku ɗaure bakinta biyu a turakun nan. Ku ja ƙullin dama har igiyar ta miƙe, nan tasha ta ɗaya. Ku ja shi hagu, nan ta uku. Kowane gefe zai fito mita 18.3. Mai jifa ya tsaya mita 15 daga gida, kada ya matso, domin shi ne ya fi kusa da gora. Mai duka ya fuskanci gabas ko gabas maso arewa. Tunda bayan la'asar za ku riƙa yi, in ya fuskanci yamma rana za ta kashe masa ido. Toka ta isa jan layi. Ku share tsidau da tsakuwa a hanyar gudu, ku tuge turakun bayan awo.

Tashoshi kuwa, buhu a yanka a ɗinke, faɗin santimita 38, a zuba yashi kaɗan ya kwanta. Ban da bulo, ban da dutse. A tasha ta ɗaya ku ajiye biyu gefe da gefe, ɗaya ta mai tsaro ɗaya ta mai gudu, nan ne aka fi yin karo. Bayan farantin gida ku shimfiɗa ƙaramar tabarma: jifar da ta sauka a kanta mai kyau ce, wadda ta kauce ba ta yi ba. Wannan kaɗai zai raba ku da rabin gardama da alƙalin wasa.

Gora in ba ku da ita, kafinta mai injin juya katako zai yi muku: tsawo kada ya wuce santimita 86, kaurin kai santimita 5.7. A nemi busasshen ice marar gaɓa irin na ƙotar gatari. Ɗanye yana tsagewa. Lallai a bar dunƙule a ƙarshen mariƙi, a naɗe mariƙin da robar tiyub, in ba haka ba gumi zai sa ta kuɓuce. Ku kafa doka tun ranar farko: wanda ya yi jifa da gora bayan duka ya fita. Masu jiran layi su tsaya nesa, a bayan gida.

Safar hannu shida ɗin ku ba mai jifa, mai tsaron gida da masu tsaron ciki huɗu, su ƙwallo ke isar wa da zafi. In zagaye ya juya a miƙa wa ɗaya ɓangaren. Iskar hunturu tana fasa fata, a shafa man kaɗanya kaɗan-kaɗan, a ajiye a inuwa da ƙwallo a cikin tafin. Watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ku rage zuwa zagaye 5, da jarkar ruwa a gefen fili.

Tambaya: 'Yata ta tari ƙwallon sofbol da hannu, kan yatsanta ya lanƙwashe, ba ta iya miƙe shi. Ba cewa aka yi ƙwallon mai taushi ba ce? Daga wata uwa a Njamena.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Ƙwallon ba ta da taushi. Kewayenta santimita 30.5, nauyinta ya kusa giram 200, ta fi ta besbol ma nauyi. Abin da kika bayyana ya yi kama da tsinkewar jijiyar da ke miƙe gaɓar ƙarshe, wani lokaci har da ɓallewar ɗan ƙashi. Kada a ja yatsan, kada a murza. A ɗora shi a miƙe kan ɗan katako, a kai ta asibiti a ɗauki hoto. Galibi ɗaurin yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 dare da rana, in gaɓar ta lanƙwashe a tsakani sai an sake lissafi daga farko.

Yaran da ba su da safa su koma Baseball5: mutum biyar-biyar, ƙwallon roba, da hannu ake duka, mita 13 tsakanin tashoshi, ba gora ba safa. Yana cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar 2026. In ta warke ta dawo sofbol, a koya mata tara da hannu biyu: ƙwallon da ta zo sama da ƙugu yatsu su dubi sama, manyan yatsu a haɗe, wadda ta zo ƙasa da ƙugu yatsu su dubi ƙasa, ƙananan a haɗe.